Goyon Ummi Zuwa Masar

Tun da na dawo daga Masar ban huta da tambaya ba. A masallaci a tare ni, a rumfarmu ta wake a Dawanau a tare ni, har mai shayin bakin tasha a Zakirai sai da ya riƙe kofina ya ce ba zai ba ni ba sai na faɗa masa ko gaske ne kogin Nilu ya fi dam ɗin Ɗambatta faɗi. Wasu labarin dalar Fir'auna suke so, wasu kuma damuwarsu ko Larabawan can suna cin tuwo. Wanda ya san abin da ya kai ni kuwa sai ya ce ya mai jiki, in ce da sauƙi, mu rabu a haka, kowa ya san ba gaskiya ba ce. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kullum ina tsayawa a daidai inda ya kamata in ci gaba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa.

Saboda 'yata Ummi na tafi. Sunan mahaifiyata aka sa mata, Allah ya jiƙanta, shi ya sa ba ma kiran sunan. Shekararta tara. Tun tana jaririya jikinta a sake yake kamar jiƙaƙƙiyar riga. Ba ta fara tafiya ba sai da sa'anninta suka fara zuwa aike, da ta fara ɗin ma sai tana rangaji, tana faɗuwa a fili ba tare da tuntuɓe ba. Fatar idonta kullum a sauke take, baƙo ya gan ta ya ce yarinyar nan akwai kunya, mu da muka san bakinta mu yi dariya. In za ta tashi daga tabarma sai ta dafa ƙasa, ta dafa gwiwa, ta dafa cinya, tana hawa jikinta da hannu. Daga bara ko wannan ya gagara.

A gidanmu an daɗe da yanke hukunci kan abin da ya same ta. Baba, mahaifina, tun farko ya hana masu ɗigon rigakafin shan inna shiga gidansa. Wata rana muna gona, Ummi tana jaririya, suka zo, matata Hajara ta fito da ita soro aka ɗiga mata. Tawadar da suka shafa mata a ɗan yatsa ce ta tona asiri. Da ciwon ya bayyana Baba bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi ga abin da yake gudu nan. Hajara kuwa 'yar ƙanen Baba ce, tare muka tashi, har yau Yaya take ce mini. Babu gidan da za ta je a ba ta gaskiya, domin gidan ubanta da namu katanga ce kawai tsakani. Sai ta ɗauki laifin ta rungume. Likitan da muka gani a Kano ya ce ba shan inna ba ne, ba kuma ɗigo ba ne, ciwon tsoka ne, sai dai gwajin da zai faɗi irinsa babu shi a nan. Baba ya ce to me ake so mai ɗigo ya faɗa a kan ɗigo. Ni dai ban san wanda zan bi ba.

Lokacin da maganar tafiya ta taso Hajara tana da ciki, har ya fito. Ta riga ta rantse wannan karon ko inuwar masu ɗigo ba za ta taɓa abin da za ta haifa ba. Wannan rantsuwar ce ke sa ta iya barci. A ganinta ta san abin da ya cuci 'yarta, ta kuma san yadda za ta kare na cikin.

Baba ne ya sayar da shanun huɗarsa, na haɗa da waken da na ajiye. Shi da Ummi wasan kaka da jika suke yi, yana ce mata uwargida, tana ce masa tsohon miji mai rowar cefane. Ranar da aka ja shanun ya ce in kai masa matarsa a gyara, ta dawo ta ɗebo masa ruwan alwala da ƙafarta.

Tun da Hajara ba za ta iya tafiya ba, sai ta koya mini goyo. A ɗaki muka yi, ƙofa a rufe, kada ƙannena su gani su samu abin yi mini tsiya har tsufa. Na sunkuya, ta ɗora mini Ummi, ta nuna mini yadda ake soke zani a ƙirji, a ɗaure majanyi a ƙasa. Sau uku yana kwancewa. Ummi tana bayana tana cewa, Abba, bayanka duk ƙashi ne, ko jaki ya fi ka laushi.

Da sassafe ƙanena ya kai mu bakin titi a babur, muka shiga bas ɗin Kano. Na rungume Ummi a cinya, goyon na ce sai inda ba a san ni ba. Wata mata mai kaji a kwando ta yi ta kallon ƙafafun Ummi, daga ƙarshe ta ce ta san wani mai magani a bayan Gabasawa, sau uku ake shan maganinsa a miƙe. Na ce mun sha nasa. Ta ambaci wani, na ce shi ma. Sai ta ciro dafaffen ƙwai ta ba Ummi.

A filin jirgi wani ma'aikaci ya turo keken marasa lafiya. Na ƙi. Na ga kamar in na yarda ta hau, na yarda ke nan da abin da na fito don in kore. Ummi ta ce ita dai tana so, aka ɗora ta, ma'aikacin ya ɗan yi gudu da ita a kan sumul ɗin daɓen, tana ƙyalƙyala dariya har mutane suna juyowa. Ban ji daɗin dariyar ba ko kaɗan.

Na jirgi ba ni da abin faɗa da yawa, domin idona a rufe na yi rabin tafiyar ina karanta duk abin da na haddace. Ummi ce ta zauna a taga. Da muka tashi ta ce gonakinmu daga sama kamar bargon da aka yi ta yi wa faci, ko wurin ajiye ƙafa babu. Aka kawo abinci a 'yan robobi, na buɗe wata 'yar leda mai ƙamshi na ɗauka alewa ce, ashe tsumman goge hannu ne. Wata Hajiya 'yar kasuwa da ke gefenmu, wadda ta ce ta fi sanin hanyar Alƙahira da ta gidan surukanta, ita ta hana ni kai shi baki.

Ita ce kuma ta cece mu a wurin masu binciken kaya. Hajara ta ɗaure mana garin kuka da daddawa da yaji a cikin tsohon gwangwanin madara. Jami'in ya buɗe kukar, ya ga koren gari, fuskarsa ta canza, ya kira wani, wannan ma ya kira wani. Ni ba Larabcin kasuwa ba, na allo ne da ni, na yi ta cewa halal, halal. Hajiya ta iso tana surfa musu magana, ta lakato kukar ta lasa a gabansu. Kukar ta wuce. Daddawa ce da babbansu ya shinshina ya ja da baya, ya sa aka jefa ta a kwandon shara da hannu biyu. Ummi ta ce wa Hajiya ta gaya musu ba su san daɗi ba.

A waje Malam Mudi yana jiranmu. Mutumin Ɗambatta ne, ɗan'uwan wani abokin cinikina. Karatu ya je yi tun yana saurayi, karatun bai ƙare ba, shi ma bai dawo ba, ga shi har gemu ya yi furfura. Sana'arsa yanzu raka marasa lafiyarmu asibiti yana yi musu tafinta. Ba ya gama jimla bai ce ya'ani ba. Mutumin kirki ne, amma tun a mota ya gaya mini da bakinsa cewa shi ba ya isar da mummunan labari yadda ya ji shi, sai ya ɗan sa masa suga, don ya ga abin da magana tsirara take yi wa mutum a ƙasar da ba tasa ba. Na yi dariya a lokacin.

Masaukin da ya kama mana yana can sama a wani dogon bene. Akwai na'urar da ke ɗaga mutane, amma ta lalace. Mai gadin gidan, wani ƙato mai doguwar riga, ya ce gobe za a gyara in Allah ya yarda. Har muka baro ƙasar goben ba ta zo ba. A nan na ciro zanin Hajara. Na sunkuya a gindin matakala, Malam Mudi ya ɗora mini Ummi, na soke, na fara hawa. A hawa na biyu wasu mata suka buɗe ƙofa, suka gan ni da hula da gemu da goyo, suka kwashe da dariya. Ɗaya daga cikinsu, wata tsohuwa mai ƙiba, ta biyo ni tana magana, ta kama majanyin ta ƙara tamke shi, ta sumbaci Ummi a goshi. Washegari ta aiko mana da shinkafa da madara.

Zaman mutanen can ya ba ni mamaki. Wani a kan wani suke kwana, babu tsakar gida, babu soro, baƙo yana ƙwanƙwasa ƙofa sai ga shi a tsakiyar iyalinka. Gaisuwarsu gajeriya ce, ba mai tambayarka gajiya ko iyali ko ruwa, amma maza su rungumi juna su yi ta sumbatar kumatu a bakin titi. Tsallaka titi kuwa sai ka yi shahada, domin mota ba ta tsayawa, kai ma ba a so ka tsaya. Mace ba ta aiken yaro kanti. Kwando take zurowa da igiya daga bene, ta ƙwala wa mai kanti kira, ya zuba mata kaya ta janye.

Wannan kwandon shi ya shiga ran Ummi. Ta sa na saya mata ɗaya, na zaunar da ita a baranda, ta koyi kiran mai burodi da Larabci. Zurawa ba wuya. Da ya sa burodin ta fara ja, igiyar ta tsaya cak a hannunta. Burodi ne fa, irin nasu mai faɗi, ko nauyin tattabara bai kai ba. Ta ja, ta ja, hannun yana rawa, igiyar ta sulale. Ta ce igiyar ce mai santsi. Na ce haka ne, na karɓa na ja. Daga ranar ita ke kira, ni ke ja, ba mu sake maganar ba.

Abincinsu, a matsayina na mai sayar da wake, ina da ta cewa. Suna da wani wake ƙato mai kauri, su dafa shi ya kwana a wuta, su dame shi da mai, su ci da safe. Da an kawo shi Dawanau ba na jin zai samu mai taya shi, amma ciki yana riƙe shi har la'asar. Akwai kuma wanda ake haɗa shinkafa da taliya da wani ƙaramin wake da soyayyiyar albasa a kwano ɗaya. Ummi ta ce ragowar jiya suka tattara. Ranar da kewar gida ta ishe mu na tuƙa tuwon semo na kaɗa kuka ba daddawa, tuwon ya yi gudaji, miyar ta yi salam. Ta ci loma biyu ta ce kada in gaya wa kowa ni na yi.

Asibitin kuwa mun yi ta sintiri. Sun soka mata siririyar allura mai waya a cinya suna sauraron ƙara a na'ura. Sun yanki ɗan nama a cinyar, sun ɗebi jininta, sun ɗebi nawa. Na ce ni lafiyata ƙalau, aka ce a dai ɗiba. Babbar likitar wata dattijuwa ce mai furfura, tabarau a rataye a wuya. Ranar farko ba ta fara da ƙafar Ummi ba. Farar takarda ta jawo ta ce in gaya mata dangantakata da uwar yarinyar.

Na gyara zama na ba ta labari da alfahari, domin abin alfahari ne a wurinmu. Na ce ubana da uban matata uwa ɗaya uba ɗaya. Na ce mu ba ma kai 'ya'yanmu waje, gonar kakanmu ba ta da faɗin da za a yi ta yanka ta ana ba baƙi, shi ya sa har yau tana nan a dunƙule. Tana ji tana zana 'yan da'ira da 'yan akwatuna tana haɗa su da layi. Ta tambaya ko an taɓa yin mai irin wannan ciwo a dangi. Na ce a'a, da sauri. Sai ta ce ko wanda aka ce wani abu ne daban.

Nan Gwaggo Lami ta faɗo mini a rai. Ƙanwar Baba ce, ta rasu ina yaro. Kullum tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗi, ido a lumshe, in za ta kewaya sai an ɗaga ta. An ce mana Inna ce, aljanar nan, ta taɓa ta. A zamaninta ko labarin ɗigo babu. Na faɗa wa likitar, ta cike da'ira ɗaya da baƙi. Ta ce kada in damu, su ma a ƙasarsu ana auren zumunci sosai, kuma yawancin 'ya'yan lafiya lau suke. Amma ni tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi.

Sakamakon jinin ya ɗauki makonni. Kullum Hajara ta kira in ce ana kan gwaji. Ita kuma ta ba ni labarin cikin, yau ya motsa, yau ya hana ta ruku'u. A cikin jiran ne muka ratsa gada a tasi na ga kogin. Mai shayi, ya fi dam ɗin faɗi, ka ba ni kofina. Dalar Fir'auna ban je ba.

Ranar da aka kira mu, likitar ta sa wata ma'aikaciya ta tura Ummi waje ta ba ta takarda da fensir mai launi. Sannan ta yi bayani a hankali, tana tsayawa Malam Mudi yana juya mini.

Ta ce jikin mutum da 'yan ƙwayoyi aka gina shi, ƙanana da ido ba ya gani, kowace a naɗe cikin tantani irin wanda ke manne a cikin ɓawon ƙwai. A ƙwayar tsoka tantanin ba a shimfiɗe kawai yake ba, yana lanƙwasawa ya nutsa ciki ya zama 'yan bututu masu ratsa naman. In mutum ya yi niyyar ɗaga ƙafa, saƙo yana tahowa ta jijiya ya iso bakin ƙwayar, ta cikin bututun nan yake shiga har tsakiya, sai naman ya ɗaure gaba ɗaya. Tantanin kuma ba ya lanƙwasa kansa. Akwai wani sinadari, furotin, mai siffar ayaba, da yake manne masa, sai tantanin ya bi lanƙwasarsa. Ta lanƙwasa yatsunta, ta ɗora hankici a kai ta nuna mini. Umarnin ƙera wannan furotin a rubuce yake a wata ƙwayar gado da suke kira BIN1. Kowa biyu yake da su, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In ɗaya ta lalace ɗayar ta isa, mutum ya rayu har ya mutu bai sani ba. Na Ummi duka biyun ne suka lalace, don haka furotin ɗinta ba ya lanƙwasa tantanin yadda ya kamata, bututun ba su ginu daidai ba.

Malam Mudi ya ƙara nasa, ya ce ya'ani kamar noman rani ne, ruwa ya zo har bakin gona amma ba a ja masa hanya cikin fangali ba. Na ce na gane. Na ce to a tambaye ta yadda ake jan hanyar.

Ya tambaya. Ta yi magana mai ɗan tsawo tana kallona, ba shi ba. Da ta gama ya cire hula ya mayar, sannan ya ce ya'ani akwai motsa jiki da za a koya mata, kuma masu bincike suna ta ƙoƙari, in Allah ya yarda nan gaba.

Na ce, "Malam, don girman Allah cire sugan. Faɗa mini yadda ta faɗa."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ta ce babu magani. Ba a nan ba, ba a ko'ina ba tukuna. Ta ce a saya mata keke, a riƙa lura da numfashinta, musamman in ta yi mura."

 Akwai sauran tambayar da aka aiko ni da ita, ko da ba wanda ya furta ta, sai na yi. Na ce ɗigon fa. Likitar ta girgiza kai tun kafin ya gama juya mata. Ta ce wannan abu yana jikin Ummi tun tana cikin uwarta, ɗigo bai kawo shi ba, rashin ɗigo ma da bai hana shi ba. Ta ce an ga lalatacciyar ƙwayar ɗaya a jinina, ɗayar kuwa daga wurin uwar ta zo, kuma ga dukkan alamu daga kaka ɗaya muka gaje ta. Sai na ce mata uwar tana da ciki. Ta cire tabaraunta ta ajiye. Ta ce kowane ciki tsakanina da Hajara, kashi ɗaya cikin huɗu zai iya zuwa kamar Ummi, uku kuma lafiya. Wanda ya riga ya shiga kuwa, abin da ya ɗauka ya riga ya ɗauka. Ta ce in an haihu a yi masa rigakafinsa duka, in ma mai rauni ne shi ya fi bukata.

Ban yi kuka a ofishin ba. Na yi godiya, na karɓi takardu, muka biya muka sayi keken a wani kanti kusa da asibitin. A gindin bene na sunkuya aka ɗora mini Ummi, Malam Mudi ya biyo mu da keken a ka. Ban ce mata komai ba, ita ma ba ta tambaya ba. Muna tsakiyar hawa, ina haki, sai na ji bakinta a kunnena.

"Abba, in mun koma ka ce wa tsohon mijina ya nemi wata ta riƙa ɗebo masa ruwan. Ni na sake shi."

A nan na tsaya na jingina da bango, na yi abin da ban yi a ofis ba. Ta yi ta goge mini fuska ta baya da gefen mayafinta, tana cewa in yi sauri kada matan hawa na biyu su fito.

Dawowa ba ta da labari. Ba wanda ya binciki kayanmu, ba abin da muka ɗauko sai keke da dabino. Daga bakin titi zuwa ƙauyenmu kun san hanyar, rairayi ne zalla. Na buɗe keken na ɗora Ummi, ko taku goma ba mu yi ba tayoyin suka nutse. An yi shi ne don daɓen asibiti. Na naɗe shi na ba wani yaro, na ciro zanin a tsakiyar hanya, na goya ta. Haka na ratsa gari da rana tsaka, ta gaban masallaci, ta gaban majalisar ƙannena. Ba wanda ya yi dariya, ni ma ban ji kunyar kowa ba.

Baba yana soro. Ya dubi goyon, ya dubi keken a kan yaron. Ya ce wa Ummi sannu da zuwa uwargida. Bayan an shiga da ita na zauna na gaya masa duka, ban sa suga ba. Da na ambaci Gwaggo Lami ya ɗaga kai ya dube ni. Ya daɗe yana murza carbi bai ja ko ɗaya ba. Can ya ce, "Ni na haɗa ku." Na ce Baba ba wanda ya sani, Allah ne ya tsara. Ya ce ya sani. Ya tashi ya nufi turken da shanun suke a da, ya tsaya a wurin.

Saura Hajara. Duk tsawon hanya ina gaya wa kaina cewa ko ban kawo maganin ba, ita na kawo mata tsaraba ɗaya, zan sauke mata kayan da ta ɗauka shekara da shekaru. Na same ta bayan la'asar a bakin rumbu tana ɓarar gyaɗa, cikin ya yi girma har ba ta iya sunkuyawa. Na zauna a kan turmi na ce mata ba ɗigon ba ne, ba ta da laifin komai, Baba ma ya ji. Hannunta ya tsaya. Na ga fuskarta ta fara sakewa, kamar za ta yi murmushi. Sai ta ce to mene ne. Na gaya mata na tantanin, da ƙwayar gadon, ɗaya tawa ɗaya tata, da kashi ɗaya cikin huɗu.

Ta ajiye ƙwaryar a hankali. Ta ɗora tafin hannunta a kan cikin, ta daɗe a haka.

"Yaya, da ma ɗigon ne," in ji ta. "Da ɗigon ne ai ƙofa zan rufe. Wannan wace ƙofar zan rufe masa?"

 

Yanzu watan haihuwarta ya kama. Barcin nan da rantsuwarta take sa ta ya tafi, ni na ɗauke mata shi da hannuna, na zata alheri na kawo. Keken yana aiki a tsakar gida kawai, inda ƙasa ta daddale. Da yamma Ummi takan sa a tura ta kusa da uwarta, ta ɗora hannu a kan cikin tana jira. In ya motsa ta ɗaga murya ta ce, Abba, wannan da ƙarfi yake harbi. In ya yi shiru kuwa ba ta cewa komai, sai ta bar hannun a wurin, mu ma duk mu bar abin da muke yi.